Zaɓen Sabwufa Mai Sauƙin Kuɗi Domin Ɗakin Kallo na Gida

1.0 Gabatarwa

Kallon fim aiki ne na ido da kunne. Ido yana da allo, kunne kuwa yana da lasifikoki, kuma a cikin lasifikokin nan akwai guda ɗaya wadda aikinta ya bambanta da na sauran. Ita ce sabwufa, watau akwatin nan mai nauyi da akan ajiye a ƙasa domin ya fitar da kakkauran amo irin na rugugin hadari, da dirin jirgin sama, da dukan babbar ganga. A kasuwa akan gajarta sunan a ce wufa. Mai hali ba ya shan wahalar zaɓe, domin in ta farko ba ta yi masa ba sai ya sake wata. Wanda kuɗinsa ƙalilan ne kuwa sau ɗaya zai saya, in ya yi kuskure kuma kuskuren ya zauna masa a ɗaki shekara da shekaru.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa abubuwa biyu ne ke yanke hukunci a kan kyan sabwufa ko rashinsa: yawan iskar da take iya turawa, da kuma ɗakin da aka ajiye ta a ciki. Lambar wat da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali tana can bayansu da nisa. Domin bayani ya zauna sosai, za a riƙa kawo misali da ɗaki guda, mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, da tsayin mita 3, ginin bulo da siminti, irin falon da aka saba gani a gidajen biranenmu.

2.0 Kakkauran Amo da Halayensa

Ɗalibin da ya yi darasin furuci ya san cewa murya tana samuwa ne daga karkarwar tantanin maƙwallato. Ya kuma san cewa bambancin karin sama da karin ƙasa a Hausa bambanci ne na saurin wannan karkarwa: in ta yi sauri murya ta sirance, in ta yi sannu murya ta yi kauri. Dukkan sauti a kan wannan ƙa'ida yake tafiya. Wani abu ne ke kaɗawa, ya tura iska ya janyo ta, ita kuma ta kai motsin ga dodon kunne. Yawan kaɗawa a daƙiƙa guda ana rubuta shi da alamar Hz, daga sunan Heinrich Hertz, masanin kimiyya Bajamushe wanda ya rasu a 1894. Ƙarfin sauti kuwa da desibel ake auna shi, ana kuma taƙaita shi da dB.

Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Muryar namiji a magana takan faɗa tsakanin 85 da 180 Hz, ta mace tsakanin 165 da 255 Hz. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana ba da 41 Hz. Filin sabwufa yana ƙasa da muryar mutum, watau daga 20 zuwa 80 Hz, wani lokaci har 120 Hz. Sautin da ke wannan fili yana da halaye uku waɗanda duk sauran bayani ya rataya a kansu.

Na farko, zangon igiyarsa dogo ne. Sauti yana gudun wajen mita 343 a daƙiƙa a cikin iska mai matsakaicin zafi. In an raba wannan lamba da yawan kaɗawa sai a sami tsawon igiya guda. A 80 Hz tsawon ya kai mita 4.3, a 40 Hz mita 8.6, a 20 Hz kuwa mita 17. Igiyar ta fi ɗakin da take ciki tsawo ke nan.

Na biyu, kunne ba ya kama shi da sauƙi. Binciken da Harvey Fletcher da Wilden Munson suka buga a Amurka a 1933 ya nuna cewa jin ɗan Adam yana raguwa ƙwarai a wajen kauri. Sautin 1,000 Hz ana jin sa ko da ƙarfinsa bai wuce 'yan desibel kaɗan ba, amma na 20 Hz sai ya haura desibel 70 kafin kunne ya san da shi.

Na uku, yana cin iska. Duk lokacin da aka raba yawan kaɗawa biyu, sai an tura iska ninki huɗu kafin a sami ƙarfi iri ɗaya. Daga 80 Hz zuwa 40 Hz ninki huɗu ne, zuwa 20 Hz ninki 16. Makaɗan Hausa sun daɗe da sanin wannan a aikace. Kanzagi ɗan ƙarami ne, amonsa siriri. Tambari kuwa sai da faffaɗar fata da babban ciki ya sami kaurin da ake jiwo shi daga nesa. Komai ƙarfin hannun makaɗi, ba zai fitar da muryar tambari daga kanzagi ba.

3.0 Yadda Sabwufa ta Shigo Harkar Fim

A 1974 kamfanin Universal ya fito da wani fim na girgizar ƙasa mai suna Earthquake, tare da tsarin sauti da aka kira Sensurround. An kai manyan akwatunan lasifika gidajen silima domin 'yan kallo su ji rugugin a jikinsu. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta fannin sauti. Daga baya tsarin Dolby Digital ya shiga silima a 1992 da fim ɗin Batman Returns, tsarin DTS ya biyo baya a 1993 da Jurassic Park. Su ne suka yaɗa rabon da ake kira 5.1, watau layukan sauti biyar cikakku, da wani ɗan layi na shida wanda aka keɓe wa kakkauran amo kaɗai. Wannan layi ba ya wuce 120 Hz, kuma ana kunna shi da ƙarin desibel 10 a kan sauran. A ma'aunin silima kowane layi cikin biyar ɗin yana iya kaiwa desibel 105, shi kuwa na shidan 115.

Ban da ɗaukar wannan layi, sabwufa tana da aiki na biyu a gida, watau sauke wa ƙananan lasifikoki nauyi. Kamfanin THX, wanda ya samo asali a 1983 daga aikin Tomlinson Holman a Lucasfilm, shi ya yaɗa ƙa'idar a yi rabo a 80 Hz: abin da ke sama ya tafi ga ƙananan lasifikoki, abin da ke ƙasa ya tafi ga sabwufa. Dalilin zaɓen wannan iyaka kuwa shi ne, ƙasa da ita kunne ba ya iya tantance inda sauti ya fito, saboda igiyar ta fi tazarar da ke tsakanin kunnuwa biyu tsawo nesa ba kusa ba. In an yi rabon daidai, ƙananan lasifikoki sukan huta, maganar 'yan wasa ta fito tangaram.

Sabwufa mai sauƙin kuɗi ba za ta kai desibel 115 a 20 Hz ba, kuma babu laifi a cikin haka, domin ba kasafai ake kallo da wannan ƙarfi a gida ba. Abin da ake nema a wurinta shi ne ta yi abin da za ta iya da tsabta.

4.0 Abubuwan Dubawa a Jikin Sabwufa

4.1 Faifai da nisan tafiyarsa

Tsarin lasifikar da ake amfani da ita yau ya samo asali ne daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a 1925. Naɗin waya ne a tsakiyar maganaɗisu, an manne shi da wani faifai na takarda ko roba. In wuta ta bi ta wayar sai faifan ya yi gaba ya yi baya. Yawan iskar da yake turawa shi ne faɗin fuskarsa sau nisan tafiyarsa.

Faifai mai inci 8 yana da fuska wajen murabba'in santimita 210, mai inci 10 wajen 330, mai inci 12 wajen 500. A ɗauka mai inci 8 yana iya tafiyar rabin santimita, to iskar da zai tura ita ce kubik santimita 105. Mai inci 12 da ke tafiyar santimita guda zai tura 500, watau rabin lita, kusan ninki biyar ke nan. Wannan shi ne lissafin da ya fi kowane muhimmanci. Domin ɗakin misalinmu, mai cin kubik mita 60, faifai mai inci 10 nagari zai wadatar, mai inci 12 ya fi ba da sarari. In falon a buɗe yake, ya haɗe da wurin cin abinci da baranda, dole a lissafa da su duka, domin iska ba ta san iyakar da babu bango ba. Akwatunan da ke zuwa a cikin kwali ɗaya da ƙananan lasifikoki biyar sau da yawa faifansu bai wuce inci 5 ko 6 ba. Irin waɗannan sukan kumbura a wajen 60 zuwa 80 Hz, su yi ta dundu da murya guda ko me aka kunna.

4.2 Akwati

Yayin da faifai ya tura iska ta gaba, yana janye ta ta baya. In babu abin da ya raba gaba da baya sai motsin biyu su kashe juna. Aikin akwati ke nan, kuma iri biyu aka fi samu.

Akwai rufaffen akwati, wanda Edgar Villchur ya shahara da shi tun daga lasifikarsa ta AR-1 a 1954. Iskar da aka kulle a ciki ita ke mai da faifai mazauninsa. Yana da ƙanƙanta, ƙarfinsa kuma a hankali yake raguwa, desibel 12 a duk rabin kaɗawa.

Akwai kuma akwati mai bututu, wanda Albert Thuras ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1932. Wanda ya taɓa hura bakin kwalba ya ji ta yi kuka ya san sirrinsa: iskar da ke cikin bututun tana da kaɗawar da ta fi so, kuma a daidai wannan wuri takan taimaki faifai ta ƙara ƙarfi ba tare da ƙarin wuta ba. Amma ƙasa da wurin sai ƙarfi ya faɗi da sauri, desibel 24 a duk rabin kaɗawa, faifan kuma ya riƙa lilo a banza. In bututun ya yi ƙunci, akan ji yana huci in an matsa masa.

Akwai wata ƙa'ida da ake danganta wa Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH. Ma'anarta ita ce abubuwa uku ba sa haɗuwa a akwati guda: zurfin amo, ƙanƙantar jiki, da ƙarancin cin wuta. Biyu kawai ake samu. Wasu samfura biyu na kamfanin SVS, waɗanda suka fito a kan farashi ɗaya da amfilifaya mai wat 300 kowannensu, sun isa misali. SB-1000 rufaffe ne ƙarami, faifansa inci 12, iyakar da kamfanin ya rubuta masa 24 Hz. PB-1000 mai bututu ne babba, faifansa inci 10 kacal, amma iyakarsa 19 Hz. Girman akwati ne ya ba ƙaramin faifai zurfin da babban bai samu ba. Darasin da ke nan ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne, katako ya fi wat araha. In akwai wurin ajiya, kuma fim ne abin da aka fi kallo, babban akwati mai bututu ya fi mai da kuɗi. In ɗakin ƙarami ne, ko kiɗa aka fi saurare, rufaffe ya isa.

4.3 Lambar wat

Ƙarin wat ba ya ƙara ƙarfin sauti yadda ake zato. In an ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ake samu, abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin a ji kamar sauti ya ninka, sai an sami wajen desibel 10, wanda ke bukatar wat ninki goma. Saboda haka bambancin mai wat 150 da mai wat 200 bai kai desibel 2 ba, bai kuma cancanci a ƙara masa kuɗi mai yawa ba.

Daɗin daɗawa, ba duk wat ne wat ba. Wanda aka rubuta da alamar RMS shi ne ƙarfin da amfilifaya ke iya riƙewa a ɗore. Wanda aka rubuta da PMPO kuwa ba shi da wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Irin wannan zuzutawa ce ta sa hukumar kula da ciniki ta Tarayyar Amurka ta kafa doka a 1974 a kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya. Kamfanonin kirki sukan bayyana lambobi biyu a fili. Alal misali, Polk PSW10 mai inci 10 an rubuta mata wat 50 na ɗorewa da wat 100 na ɗan lokaci. Akwai hanya mai sauƙi ta kama ƙarya: a juya bayan akwatin a karanta yawan wutar da yake sha daga soket. Na'urar da ke shan wat 60 ba za ta ba da wat 3,000 a ɗore ba. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, dai a yi mai.

4.4 Iyakar zurfi

In an rubuta cewa sabwufa tana kaiwa 20 Hz ba tare da an faɗi da wane ƙarfi ba, ba a faɗi komai ba, domin ko lasifikar rediyo tana motsi a 20 Hz, jinta ne ba a yi. Lambar da ke da ma'ana ita ce wadda aka biyo ta da ±3 dB, watau iyakar da ƙarfi bai faɗi fiye da desibel 3 ba. Mafi kyau duka shi ne awon da ake kira CEA-2010, wanda ke nuna iyakar ƙarfin da sabwufa ke bayarwa a kowane mataki kafin sautinta ya gurɓace. Masu gwaji masu zaman kansu sukan buga sakamakonsa a intanet, kuma ya kamata a nema kafin a je kasuwa.

Gurɓacewar nan tana yaudara. In aka ba raunanar sabwufa 30 Hz, sai ta kasa, ta fitar da 60 da 90 Hz a madadinsa. Da yake kunne ya fi kama waɗannan, sai mai saye ya ji kamar ta fi ƙarfi, alhali abin da aka ba ta daban, abin da ta fitar daban.

Ya kuma kamata mutum ya tambayi kansa abin da ya fi kallo. Fim na zance da waƙa, da labarai, da ƙwallo, ba su da abin kirki ƙasa da 40 Hz. Finafinan yaƙi da na sararin samaniya su ne ke sauka 25 Hz ko ƙasa da haka. Daidai ruwa daidai tsaki.

5.0 Ɗaki

5.1 Tsayayyar igiya

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi mantawa, alhali ya fi kowanne tasiri. Igiyar da ta bar sabwufa takan bugi bango ta dawo ta haɗu da mai zuwa. A wasu matakan kaɗawa, waɗanda girman ɗaki ke ƙayyadewa, igiyoyin biyu sukan taru su ninka a wani wuri, su kashe juna a wani. Ana samun matakin farko ne in an raba 343 da ninki biyu na tazarar bango da bango. A ɗakinmu tsawon mita 5 yana ba da 34 Hz, faɗin mita 4 yana ba da 43 Hz, tsayin mita 3 yana ba da 57 Hz. Kowannensu kuma yana da ninkinsa, watau 69, 86 da 114 Hz.

A matakin farko, ƙarfi yana taruwa ne a jikin bango, tsakiyar ɗaki kuwa ta zama rami. Wanda ya ajiye kujerarsa a mita 2.5 daga bangon gaba ba zai ji 34 Hz sosai ba ko nawa ya kashe. Wanda ya manna ta da bangon baya kuma zai ji shi ya yi yawa har ya danne magana. Bambanci tsakanin kujera da kujera a ɗaki guda yana iya kaiwa desibel 15 ko fiye. In aka tuna cewa desibel 10 daidai yake da ninka wat sau goma, za a ga cewa matsar da kujera da taku biyu yana iya ba da abin da kuɗi ba za su saya ba. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya ya fi muni, domin matakan biyu sun hau kan juna.

Abin lura a nan shi ne, ginin bulo da siminti da daɓen tayil ya fi riƙe kakkauran amo a kan bangon allo marar nauyi da ake yi a yawancin gidajen Amurka, wanda ke lanƙwasa ya sha wani kaso, ya bar wani ya fice. Wannan yana da amfani, domin ƙaramar sabwufa takan cika ɗakin siminti da sauƙi. Yana kuma da illa, domin tudu da ramin da aka ambata sun fi tsanani. Labule da kafet suna gyara siraran sautuka, amma igiya mai tsawon mita 8 ba ta san da su ba.

5.2 Wurin ajiya

Kusurwa tana ƙara ƙarfi saboda bango biyu da ƙasa suna mai da amon cikin ɗaki, amma tana ta da dukkan tsayayyun igiyoyi a lokaci guda. Babu wurin da ya dace da kowane ɗaki, sai an gwada akan san na ƙwarai. Hanyar gwaji kuwa kyauta ce. A ɗora sabwufa a kan kujerar da aka fi zama, a kunna kiɗa mai bes da ke hawa da sauka, sa'an nan mutum ya durƙusa ya bi gefen bango da kunnensa kusa da ƙasa. Inda ya ji kowace murya ta fito daidai da 'yar'uwarta, babu wadda ta kumbura babu wadda ta ɓace, nan ne mazaunin sabwufa. Dalili kuwa shi ne hanyar sauti daga wuri zuwa wuri ɗaya ce, ko ta wane gefe aka bi ta.

5.3 Ɗaya ko biyu

Binciken da Todd Welti na kamfanin Harman ya gabatar a 2002 ya nuna cewa sabwufa biyu ko huɗu, in an ajiye su a wuraren da suka dace, kamar tsakiyar bangaye biyu masu fuskantar juna, suna rage bambancin da ke tsakanin kujeru ƙwarai. Saboda haka in iyali ne ke kallo tare, matsakaita biyu sun fi babba guda daidaita ɗaki. Sai dai biyu marasa zurfi ba za su haɗu su yi zurfi ba. Shawarar da ta fi ita ce a sayi guda tagari yanzu, a ƙaro irinta in hali ya samu.

6.0 Wuta, Haɗi da Kayan Gwanjo

Wutar Nijeriya bolt 230 ce mai kaɗawa 50 Hz, ta Amurka bolt 120 mai 60 Hz, ta Japan bolt 100. Sabwufar gwanjo da aka yi domin Amurka za ta ƙone nan take in an soka ta kai tsaye. A duba bayanta: in an rubuta 100 zuwa 240, ko akwai maɓallin sauyawa, lafiya, in ba haka ba sai da taransifoma mai rage wuta, kuɗinta kuma ya shiga lissafi. Haka nan kuɗin sitabilaiza, inda wuta ke hawa da sauka. Mai amfani da sola ko inbata ya nemi amfilifaya ajin D, wadda ke mai da wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa ga lasifika, ba ta kuma zafi kamar ajin AB.

A tabbatar kuma sabwufar mai amfilifayar kanta ce, kuma na'urar da ke gida tana da kafar da za a haɗa ta. In babu wannan kafa, a nemi sabwufa mai karɓar wayoyin lasifika kai tsaye. Wadda ta zo tare da doguwar lasifikar nan ta ƙarƙashin talabijin yawanci ba ta aiki da kowa sai abokiyar zuwanta.

Gwanjo hanya ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, in an bi waɗannan matakai:

1. A duba zoben da ya kewaye faifai. Na soso yakan ruɓe da shekaru, musamman a zafi da laima. Na roba ya fi ƙarko.
2. A kashe wuta, a danna faifan a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarsa. In an ji yana gurza, naɗin wayar ya lalace.
3. A sansana bakin bututu ko bayan amfilifaya, ko akwai ƙaurin ƙuna.
4. A ƙwanƙwasa akwatin. Nagari yana da nauyi, ba ya amsawa kamar fanko.
5. A kunna ba tare da kiɗa ba a saurara. Gunji marar yankewa alama ce ta matsala a amfilifaya ko a wayoyi.
6. A je da sautin gwaji na 50, 40 da 30 Hz a waya, a ji inda ta fara huci ko kakkaɓi.

Abin da aka ji a rumfar kasuwa ba shi za a ji a gida ba, saboda dalilan da aka bayyana a kashi na 5.0. In mai kaya ya yarda a gwada a gida, wannan ya fi ragin farashi daraja.

7.0 Saiti

Bayan an sami mazauni, sai a gaya wa na'urar rarraba sauti cewa sauran lasifikoki ƙanana ne, a sa iyakar rabo a 80 Hz. In ƙananan sun cika ƙanƙanta a ɗaga zuwa 100 ko 120 Hz, a kuma matso da sabwufa kusa da allo, domin a nan kunne ya fara gane inda take. Maɓallin rabo na jikin sabwufar a murɗa shi ƙarshe, kada a tace sauti sau biyu. Maɓallin da aka rubuta wa 0 da 180 a gwada kowanne, a bar shi inda amo ya fi cika a wurin zama. Na'urori masu awo da makirfo, irin su Audyssey da YPAO, suna iya rage tudu, amma ba sa cike rami. Maganin rami shi ne a matsar da kujera ko akwati. Sa'an nan a bi ɗaki a ɗaure duk abin da ke karkarwa, kamar gilashin taga, da silin, da kwanukan kabad, domin sau da yawa su ake ji a ɗora wa sabwufa laifi.

Ma'aunin ƙarfi mai sauƙi shi ne, kada a san da ita sai an kashe ta a ji ɗaki ya yi fayau. In ana jin ta a ƙarƙashin maganar mai karanta labarai, ta yi yawa. A kuma tuna cewa kakkauran amo ya fi siriri ratsa bango, saboda haka abin da ke daɗi a falo yana iya zama azaba ga maƙwabci ko jariri a ɗaki na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraren sauti mai desibel 80, kuma lokacin yana raguwa da sauri in ƙarfin ya ƙaru.

8.0 Kammalawa

An ga cewa kakkauran amo yana bukatar iska mai yawa, kuma ɗaki yana sarrafa shi fiye da yadda na'ura ke yi. Daga nan za a iya jera matakan zaɓe bisa muhimmancinsu. A fara da auna ɗaki da sanin abin da aka fi kallo. A zaɓi faifai da akwati mafi girma da aljihu da wuri za su ɗauka. A nemi iyakar zurfi mai ±3 dB ko awon masu zaman kansu. A duba dacewar wuta da haɗi. Lambar wat ta zo a ƙarshe, ita ma ta RMS kaɗai. Bayan saye kuma a ba da yini guda ga neman mazauni da saiti, wanda ba ya cin ko kwabo. Matsakaiciyar sabwufa da aka ajiye a inda ya dace takan fi mai tsada da aka jefa a inda aka ga sarari. Sayen nagari mai da kuɗi gida ne, amma a wannan fage nagartar ba ta cika sai an haɗa da sanin ɗakin da za a kai kayan.